Alƙiblar da Na Ɗaure a Wutsiyar Jirgi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Awali, Madina
Litinin, bayan La'asar

Zuwa ga 'yata Sumayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki Adil da iyayensa da duk mutanen gidansu na Khalidiyya. Allah ya sanya albarka a aurenku, ya kai ku inda za ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya tsare ku a tudu da kan ruwa. Mu nan lafiya lau, in aka cire gwiwata da shirun Ummanki.

Da gangan na rubuta da Hausa. In na yi da Larabci za ki karanta a tsaye, ki gyara min nahawu, ki ce tayyib, ki ajiye. Kin san karatuna bai wuce firamare ba, ita ma ban ga ƙarshenta ba. Harufan nan kuwa ɗaliban jami'a 'yan Najeriya ne suka koya min a bakin shago. Irin na Turancinki ne, sai dai wasu suna da ƙugiya. Dole ki zauna ki bi su a hankali, abin da nake so ke nan.

Ga maganar. Ranar Alhamis za ku bar Madina ku tare a Yanbu, daga can ku tashi ku je ku shiga jirgin ruwan shaƙatawa a Bahar Rum, wai shahrul asal, hutun amarci. A zamaninmu hutun amarci shi ne a bar mutum ya makara zuwa kasuwa. Ranar Juma'a da kuka zo gaisuwa, Ummanki ta yi miki tambayoyi a kan jirgin: in wani abu ya faru wa zai riƙe hannunki, me za ku ci, ina za ku fuskanta in za ku yi salla. Kika ce mata, "Khalas ya Umma, ya isa haka, ai ba kwale-kwale ba ne," da Larabci, a gaban surukinta. Tun ranar ta ce ba za ta raka ku Harami yin sallama ba, ba kuma za ta fito ƙofar gida ranar tafiya ba. Ba ta yi faɗa ba. Kin san ta, in ta yi faɗa ma da sauƙi. Ba na so ki bar garin nan ba ta sa miki albarka ba, dalilin takardar ke nan.

Kin ɗauka tambayoyin wadda ba ta taɓa fita daga unguwa ba ne. To a gidanmu ita ce ta taɓa kwana a kan teku, ke ba ki taɓa ba. Kuma kowace tambaya daga cikinsu ni ne sanadinta.

Lokacin kina 'yar makaranta, muka bar ki da ɗan'uwanki Yasir a wurin goggonku, muka ce za mu Jidda. Gaskiya ne, ta Jidda muka bi. Wani ofishin tafiye-tafiye ne ya yi tallar jirgin hutu, ya haura Bahar Maliya zuwa Masar, a yi yawo, ya dawo. Na ga hoton wani mutum kwance a kujera da lemo a hannu, na ga ba abin da ya fi ni sai kujerar. Kakanki da ya haye tekun nan daga tashar Sawakin a cikin jirgin katako, shi da awaki da amai, ya sha cewa ruwan da ya yarda da shi a duniya biyu ne, Zamzam da na buta. Allah ya rufa min asiri, ya rasu kafin ya ji ɗansa ya biya kuɗi don a zagaya da shi a teku a dawo da shi inda aka ɗauko shi.

Mun shiga, ko akwati ba mu buɗe ba, sai aka busa ƙaho, ƙararrawa ta ɗauka, mutane suka fara fitowa da rigar ruwa mai ruwan lemo, ta hana nitsewa. An yi sanarwa kafin nan, da Turanci da Larabci, amma ina can ina gwada famfon banɗaki. Ashe gwaji ne da ake yi wa kowa kafin a tashi, don mutum ya san inda zai tsaya in abu ya ɓaci. Ni ban sani ba. Na sungumi riga ɗaya da fasfo ɗaya, na haura bene da gudun da ban ƙara yin irinsa ba. Sai da na tsaya a sama ina haki na ga abu biyu. Jirgi yana nan ɗaure da igiya a tashar Jidda. Sannan kowane namiji yana tare da matarsa.

Can sai ga Ummanki ta hauro a hankali, ta sa rigar ruwan a kan abayarta, ta ɗaure igiyoyin daidai yadda hoton bayan ƙofa ya nuna, tana riƙe da takalmana, don babu takalmi na fito. Ta ajiye min su a gabana. Na ce mata na riga ta ne don in kama mana wuri. Ta ce ta gode.

Saboda haka in ta tambayi wa zai riƙe hannunki, ba zagin Adil take yi ba. Ta ga yadda miji yake in aka busa ƙaho. Shawarata, ku je gwajin nan tare, kada ku ce ɓata lokaci ne, ki san hanyar daga ɗakinku zuwa wurin tsayuwa da ƙafarki, ba da ƙafar mijinki ba. In kuma ya riga ki fita, kada ki kashe aure a kai. Tsoro ba ya shawara da mutum. Ki dai kai masa takalmansa, zai tuna har ya tsufa. Ni shaida ne.

Maganar abinci gajeriya ce. Na leƙa ɗakin cin abinci na ga tebura shaƙe, kowa yana ɗiba da kansa, na ce wannan tarko ne, a ƙofa za su tare mutum. Ban tambayi kowa ba, don kada a ce baƙauye. Muka koma ɗaki muna cin dabino da busasshen burodi da muka zo da su, ƙamshin gasasshen nama yana shigo mana ta ƙarƙashin ƙofa. Sai da wata mata ta tambayi Ummanki ko azumi muke yi, sannan muka ji cewa duk yana cikin tikiti. Ranar na ci na rama, na ci na gobe. Teku kuwa kamar jira take, da yamma ta fara rawa, na mayar mata da kayanta duka. Kwaɗayi mabuɗin wahala, amma rowa ce ta fara buɗe ƙofar. Ke dai ki tambaya tun ranar farko me ke cikin tikiti, me ba ya ciki. Ki tambayi naman na mene ne, ki tambayi ko an zuba giya a miya, don jirginku ba na Musulmi ba ne kamar namu. Wanda ya tsaya a bayan tebur aikinsa ke nan, ba zai yi miki dariya ba, in ma ya yi ba a unguwarku yake ba. Kifi da shinkafa ba su taɓa kunyata kowa ba. Ki ci kaɗan-kaɗan, ki riƙe citta da lemun tsami, in kanki ya fara juyawa ki fita ki kalli nesa, kada ki kwanta a ɗaki kina jiran mutuwa. Ba ta zuwa, na jira ta.

Yanzu ga babbar. Kin san sana'ata. Tun kafin a haife ki nake sayar wa alhazai darduma mai busla, wannan ƙaramin agogon da ke nuna alƙibla, da ɗan littafinsa mai lambobin garuruwa. Mutum ya nemi lambar garinsu, ya juya allura, ya yi salla. Na sayar wa mutanen Kano, na Jakarta, na Istanbul, ina yi musu bayani kamar ni na ƙera ta. Amma ban taɓa salla a kan ɗaya ba. Me zan yi da ita? A Madina aka haife ni. Alƙibla a wurinmu ba abin nema ba ce, tana nan kudu inda aka bar ta, bangon ɗaki ya san ta, kurar mai kayan miya ma ta san ta. Da muke haɗa kaya Ummanki ta ɗauko ɗaya za ta sa a akwati, na ce ta mayar, kayan baƙi ne.

A jirgi, washegarin tashinmu, maza suka taru a can baya inda babu masu wanka, za a yi Azahar. Akwai Misirawa, akwai mutanen Jidda, akwai wasu 'yan Sham. Aka fara gardamar ina za a fuskanta. Wani dattijo Bamisire mai sanda ya tambaye ni daga ina, na ce Madina. Shi ke nan. Ya kama hannuna ya sumbata, ya ce maƙwabcin Manzon Allah yana nan ana gardama? Aka tura ni gaba. Ni da surorina ba su wuce na ƙarshen Alƙur'ani ba, na zama liman, na zama mai fatawa.

Ban yi wauta da farko ba, a ba ni wannan. Na yi lissafi: mun bar Jidda muna yin arewa, Makka tana bayanmu, to a fuskanci wutsiyar jirgi. Muka fuskanci inda ruwa ke tafasa fari a bayanmu. Daidai ne, ko kusa da daidai. Na zaɓi wani ƙarfe mai tuta a jiki, na ce ga alƙibla. Daga ranar kowa Shehul Madina yake ce min. Ana ba ni kujera, ana kawo min shayi, wani har ya kawo ɗansa in tofa masa. Ban ƙi ba. Shayin da daɗi.

Muka isa Masar, muka yi yawo, muka yi salla a masallatan gari, muka sayi tsaraba, muka koma jirgi. Lokacin salla ya yi, na je wurin ƙarfena mai tuta, jama'a suka bi ni. Kada ki tambaye ni ko ban san gida muka nufa ba. Na sani sarai, har ina lissafin wanda zan ba wace tsaraba. Amma kan ɗan Madina bai san alƙibla tana tashi daga inda aka ajiye ta ba. Na ɗaure ta a jikin ƙarfe kamar yadda take ɗaure a bangon ɗakinmu. Wani saurayi ya ce yana ganin kamar akwai magana, dattijon nan ya ɗaga masa sanda, ya ce ɗan Madina za ka koya wa alƙibla? Saurayi ya yi shiru. Ni ma na yi shiru, irin na manyan malamai.

Ummanki ba ta fitowa sosai, jiri ya hana ta, tana kwance tana kallon 'yar tagar ɗakinmu. A rana ta ƙarshe na shigo bayan Azahar, ina ta ba ta labarin yadda aka yaba karatuna. Kin san Abu Yasir take ce min, sai in da magana take cewa Malam.

Ta ce, "Malam, da muke tafiya, rana da safe take shigowa ta tagar nan."

Na ce haka ne.

Ta ce, "Tun jiya da yamma take shigowa. Ita ce ta sake gida, ko mu ne muka juya?"

Na ce mata ta bar maganar da ba ta shafe ta ba, jiri ne yake sa ta gane-gane.

Ta ce to. Ta tashi ta juya dardumarta, ta ba wutsiyar jirgi baya, ta yi sallarta.

A nan ne laifin yake, Sumayya. Abin da ya wuce kafin nan jahilci ne, shi kuwa na saba da shi, tare muka girma. Amma tana rufe baki na gane gaskiyarta. Jirgin cike yake da ma'aikata masu fararen kaya, kowanne ya san inda hancin jirgi ya nufa. Tambaya ɗaya ce. Sai na tuna kujera da shayi da sandar dattijo, na tuna zan tsaya a gaban mutane in ce matata ce ta gano daga kan gado. Na fita na ja La'asar ina fuskantar ƙarfena. Na ce a raina mun kusa isa, kowa zai watse, Allah Mai gafara ne.

Magariba ce ta tona ni. Muna raka'ar ƙarshe yara suka fara ihu a bayanmu, Jidda, Jidda. Na yi sallama, na waiga, sai ga fitilun gari da ruwan nan mai tashi sama a bakin teku, duk a bayan ƙeyarmu. Makka tana can bayan Jidda, mu kuwa mun miƙe sahu mun ba ta baya, muna kallon hanyar Masar. Ba wanda ya zage ni, da an zage ni ma da na ji sauƙi. Saurayin nan ya kalli sama. Dattijon ya dube ni, ya dubi fitilu, ya ce wataƙila a Madina haka ake yi. Ya tashi ya juya, ya tayar da salla shi kaɗai. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, mai sayar da busla ya kai jama'a arewa.

Da muka dawo na sami Malam Sani, wani ɗalibi Bazazzage da ke zama a shagona, na ba shi labari a kan cewa wani abokina ne abin ya faru da shi. Ya ce wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ya kuskure, ba komai a kansa. Na ji daɗi. Sai ya tambaya ko abokin nawa yana da wanda zai tambaya a jirgin. Na ce akwai. Ya tambaya ko an faɗa masa. Na ce matarsa ta ɗan taɓa maganar. Ya ce, "To ka ce wa abokinka ya rama, ya kuma ba Umm Yasir haƙuri." Na rama sallolina a ranar. Na mutanen da suka bi ni kuwa ban san inda zan same su ba. Har yau in Bamisire mai sanda ya tsaya a shagona sai in rage masa kuɗi, ko da shi ne. Rabi na biyu na fatawar kuma na ajiye shi sai na sami lokaci.

Shawara a nan ba ta da tsawo. Teku ba ta da lamba a littafin busla, na duba. Ƙarfen jirgi ma ruɗa allurar yake yi. Adil ya ce yanzu akwai talabijin a ɗaki mai nuna inda jirgi ya dosa, to madalla, ku duba, in ba ku gane ba ku tambayi masu fararen kaya. Ku tambaya kowace salla, amsar safe ba ta yi wa yamma aiki. Kada kuma ki bari a ɗora miki rawani don kin ce daga Madina kike. Mutane suna jin sunan garin nan sai su ɗauka da mu aka yi Hijira. Ki ce ban sani ba. Ni sai da na yi furfura na iya faɗinta, ashe ba ta da nauyi.

Sauran abubuwan da ake ta faɗa a unguwa, kada su dame ki. Masu cewa asarar kuɗi ce ba su taɓa ganin rana tana faɗawa cikin ruwa ba, ni na gani, ko da yake ta ɓangaren da bai kamata ba. Masu cewa wurin fasiƙanci ne, akwai inda ake rawa da inda ake wanka tsirara-tsirara, gaskiya ne, akwai kuma inda ba a yi, jirgin ya fi unguwarmu girma. Masu cewa za ki gaji da zama, za ki gaji, hutu ke nan. Ki je. Ban rubuto don in hana ki ba, Ummanki ma ba ta ce kada ki je ba. Ki tuna da kyau, tambaya kawai ta yi.

Abin da na gani ranar Juma'a shi ne ya sa ni ɗaukar biro. Da kika ce mata khalas, muryata na ji, har yadda kika ɗaga hannu. Hancinki nata ne, alhamdu lillahi, amma wannan nawa ne, ban so kika gada ba. Matar nan ta yi tambaya a kan teku an ce mata jiri ne. Ta jira shekaru, ta sake yin tambaya a falonta, an ce mata khalas. Ni ma in ni ne ba zan fito ƙofar gida ba.

Jiya na cika fatawar Malam Sani. Na same ta a kicin tana tsintar shinkafa, na tsaya a bakin ƙofa na ce mata, maganar tagar nan ta jirgi, ke ce da gaskiya. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani." Ta ci gaba da tsinta. Da na juya zan fita ta ce in gaya wa Yasir ya sayo citta, busasshiya, mai yawa. Ba mai mura a gidan nan. Ke kika san wa za a ba.

To ki zo kafin Alhamis, ke kaɗai, ki bar Adil a mota. Kada ki kawo turare ko zani, ba ta buƙata. Ki shiga kicin ki zauna a ƙasa, ki amsa mata tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya, da Hausa, ko da Hausar taki za ta fito a karkace, wadda ba ki san amsarta ba ki ce ba ki sani ba. Sannan ki tambaye ta yadda mutum yake gane alƙibla a kan ruwa. Duk Madina ban san wanda ya fi ta sani ba, kuma ba a taɓa tambayarta ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya kwantar muku da teku, ya sa ƙahon da za ku ji na gwaji ne kawai. Allah ya ba ku zaman lafiya a Yanbu, ya sa ku riƙa juyawa tare duk inda jirgi ya juya. Na ba Allah ajiyarku, Shi da ajiya ba ta ɓata a wurinsa. Ki gaida Adil, ki ce masa ya kwana da takalmansa kusa.

Wassalam.

Mahaifinki,
Abu Yasir, tsohon limamin wutsiyar jirgi